Makankarin lantarki mai wat 200: abin da yake cirewa, da inda yake cutar da mai shi

Makankarin lantarki ƙaramin inji ne na hannu, tsawonsa bai kai kamu ɗaya ba, nauyinsa wajen kilo guda. A Katsina ta hanya biyu ake samunsa: sabo a kwali wurin masu kayan gini da na lantarki, waɗanda galibi daga Kano suke saro kaya, ko kuma na hannu cikin kayan Beljiyam, sau da yawa ba kwali ba takarda, da baki ɗaya tal a maƙale. Wanda aka fi gani shi ne mai wat 180 zuwa 250. Wannan sharhi ya shafi rukunin gaba ɗaya, don cikinsu kusan iri ɗaya ne ko da sunan da ke jikin robar ya bambanta.

Ga mai tayil, da mai shimfiɗa kafet, da kafintan da ke sabunta tsofaffin ƙofofi, injin ya ci kuɗinsa, amma fa sai in ya zo da bakunansa. A bakin aikin yake, a nan kuma haɗarin yake. Rauni da yawa da ake ji da wannan inji daga tsinin bakin ne, ko daga abin da bakin ya tono.

Ba juyi yake yi irin na giranda ba. Moton da ke ciki yana juya wani ɗan ƙarfe mai ƙusumbi a gefe ɗaya, ƙusumbin yana dukan gindin bakin, bakin ya yi gaba kamar milimita 2 ya dawo, sau 6,500 zuwa 8,500 a minti, gwargwadon inda aka sa maɓallin gudu. A yawancinsu, ko an kunna, bakin ba ya fara duka sai an danna shi a jikin aiki. Tsari ne mai kyau, sai dai yana yaudarar baƙo. Mutum ya ji moto na kuka, ya ga baki a tsaye cik, ya ɗauka injin ya lalace, sai ya kai babban yatsa ya taɓa tsinin don ya ji. Dannawar yatsan nan ita ce za ta tayar da shi. Gwaji a kan guntun katako ake yi, a shago ne ko a wurin aiki.

Bakuna da aikin kowanne

Cikakken saiti yakan zo da baki iri huɗu ko biyar. Akwai faffaɗa mai lanƙwasuwa, faɗinsa wajen santimita 6, na abu mai laushi: sitika, takardar bango, ragowar soson kafet, silikon, da fentin ruwa da ya riga ya ɗaga da kansa. Lanƙwasuwar ce ke sa ya bi fuskar daɓe bai ƙwaƙule ta ba. In aka kai shi kan busasshen siminti, lanƙwasuwar nan dai ita ke shanye dukan, aiki ya ƙi tafiya, mai aiki ya ƙara dannawa, ƙarshenta bakin ya karye ta wuya, guntun ya yi tsalle.

Wuƙa mai tauri ita ce ke mayar wa mai injin kuɗinsa. Tana zuwa siririya, wajen santimita 3 da rabi, da faffaɗa mai santimita 6. Ita ce ta gam ɗin kafet da na ledar ɗaki, da fentin mai da ya yi kauri a ƙofar katako ko ta ƙarfe. A nan akwai abin da yara masu koyo ba sa saurin ganewa: ƙarfin dukan injin ɗaya ne, ko a faffaɗan baki ko a siriri, saboda haka siririn ya fi cizo tunda dukan a ɗan wuri yake taruwa. Abu ya yi gardama, faɗin baki ake ragewa, ba ƙarfin hannu ake ƙarawa ba.

Sai mai ƙarfen kabaid a tsini, na ɗigon siminti a kan daɓe da ragowar simintin tayil bayan an cire wanda ya fashe. Tauri gare shi, amma ba ya jure karo: ya haɗu da ƙusa ko kan rodi, sai ya ɓantare. Dutsen wasa wuƙa kuma ba ya cinsa, sai fayil mai garin daimon. Saura cizal biyu na katako, mai miƙaƙƙen baki da mai kwarmi, wajen milimita 14 zuwa 15. Suna da amfani wurin cire tsohon foti a taga, da share lungu, da ɗan zane a katako mai laushi irin malaina. Ana bin jijiyar katakon, ana ɗiban kaɗan-kaɗan. A busasshiyar kirya kuwa, wadda ake sassaƙa turmi da ita, wat 200 wasa ne. Gizago ya fi shi.

Canza baki yana da tsari, kuma a nan ne gaggawa ke yanka mutane. A kashe maɓalli, sannan a zare fulogi daga soket. Kashe maɓalli kaɗai bai isa ba, don gwiwa ko gefen hannu na iya ture shi. A bar bakin ya huce, domin 'yan mintoci a kan siminti sun isa su sa ya ƙona fata. A janye makullin, a riƙe bakin ta gefe da tsumma ko safar hannu, a zare. A goge gindin wanda za a sa, a shafa masa giris ɗan kaɗan, a tura har a ji ya yi ƙas, sannan a ja shi waje da ƙarfi a tabbatar ya kamu. Ɗan motsi gaba da baya daidai ne, shi ne hanyar dukan. Motsi hagu da dama kuwa alama ce makullin ya ci, kuma irin wannan bakin yana iya fita ana tsakiyar aiki.

Riƙo da turi

Ana kwantar da bakin ne yadda wanzami ke kwantar da aska, digiri 20 zuwa 30 daga fuskar aiki. In aka miƙar da shi tsaye, maimakon ya shiga ƙarƙashin fenti sai ya nutse cikin filasta ko katako, ya bar ramukan da cike su zai fi kankarar cin lokaci. A fara da gudu mafi ƙanƙanta a wani lungu da ido ba ya kaiwa, a ga yadda wurin ke karɓa, sannan a ƙara.

Hannu biyu duk a bayan bakin, turi kuma daga jiki zuwa waje. Dalilin yana da sauƙin gani. Kana tura wuƙa ƙarƙashin gam mai tauri da nauyin kafaɗarka, sai gam ɗin ya saki farat ɗaya, injin ya zabura gaba taƙi guda kafin ka tsayar da shi. Duk abin da ke cikin taƙin nan ya samu. Al'adar kafintocinmu ta zama a ƙasa a danne katako da ƙafa, da silifa ko ma ba takalmi, ba ta tafiya da wannan inji. Ƙaramin aiki a matse shi a bais ko a ɗaure shi a benci. Yaron shago ma kada ya riƙe ta gaba. In riƙon ya zama dole, ya tsaya ta bayan mai aikin. Waya ta bi ta bayan kafaɗa, don wuƙar da ke yanka gam ba za ta ji nauyin yanka robar waya ba.

Tabarau na aiki wajibi ne, mai rufe gefe. Ɓarɓashin busasshen fentin mai yana da kaifi, kuma sama yake tashi, daidai fuskar wanda ya sunkuya. A rufaffen ɗaki ana kankarar ƙofar ƙarfe, a toshe kunne.

Ɗakin da aka liƙe wa kafet da gam shi ne inda injin ke nuna kansa. A fara yanka kafet ɗin da wuƙar hannu, zara-zara masu faɗin santimita 30 zuwa 40. A ɗaga bakin zara ɗaya, a naɗe ta ta baya, a riƙa tura wuƙa mai santimita 6 ƙarƙashinta, daga ƙuryar ɗaki zuwa ƙofa. Gogayya tana ɗumama wuƙar, gam ya narke ya manne mata, ta daina cizo ta koma shafawa. A tsaya, a zare fulogi, a kankare ta da wani ƙarfe. Da sanyin safiya gam ya fi ɓantarewa. A zafin Afrilu da Mayu, da rana tsaka, danƙo yake zama, aikin ya ninka.

A nan ne kuma ake yin gangancin da ya fi kowanne muni: zuba fetur ko tina a daɓe don gam ya yi laushi, sannan a bi da injin. Moton irin wannan inji mai kabon ne, wato 'yan guntayen gawayi biyu da ke gugar moton suna kai masa wuta, kuma ko lafiyarsa ƙalau yana fitar da 'yan tartsatsi a ciki duk lokacin da yake aiki. A leƙa ta ramukan iska a wuri mai duhu za a gani. Tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwantawa, daidai inda injin yake, daidai inda mai aiki ya durƙusa. Gam ɗin da ruwa ke narkarwa, ruwan ɗumi da garin sabulu sun ishe shi: a shafa, a bar shi ya jiƙa, a tsane ruwan da tsumma kafin a kawo inji. In kuwa sai da tina, to ranar ta makankarin hannu ce, tagogi a buɗe, injin yana cikin jakarsa.

Girgiza ma ba abin rainawa ba ce. Duka dubu takwas a minti a tafin hannu yake ƙarewa. Riƙon ya zama sakwa-sakwa, iya abin da zai hana injin kuɓucewa, a kuma huta bayan kowane minti 20 ko makamancin haka. Yatsu suka fara tsami ko suka mutu, an wuce lokacin hutu. Hutun yana yi wa injin ma amfani, don robar gaban tana ɗaukar zafi sosai.

Wuta

Wat 200 a kan bolt 230 bai kai amfiya ɗaya ba, don haka ƙaramin janareto ko inbatar sola ta gida za su ɗauke shi ba wahala. Matsalar ba nauyin wuta ba ce, yadda ake haɗa ta ne. Yawancin na Beljiyam da fulogin Turai mai ƙafa biyu zagayayyu suke zuwa, soket ɗinmu kuwa mai ƙafa uku ne. Abin da aka saba gani shi ne a yanke fulogin, a cusa tsirarar waya a soket a tokare da tsinken ashana. Girgiza da jan waya za su zare ta, ta faɗi a daɓen da wataƙila yanzu aka jiƙa. A sa fulogi mai ƙafa uku: waya mai ruwan ƙasa a ƙafar da ke da fis, shuɗiya a ɗayar, fis mai amfiya 3 ko 5, a ɗaure maƙogwaron wayar da maƙalin da ke cikin fulogin. Ƙafar sama za ta zauna ba waya, kuma hakan daidai ne muddin jikin injin yana da alamar murabba'i cikin murabba'i, wato rufinsa biyu ne. Wanda zai yi aiki a banɗaki ko wuri mai danshi ya nemi ɗan akwatin katse wuta na RCD mai miliamfiya 30, irin wanda ake sawa tsakanin soket da fulogi.

Maɓallin yawancinsu na turawa ne, yana zama a kunne. KEDCO ta ɗauke wuta, mai aiki ya ajiye injin a ƙasa ya fita shan ruwa, wuta ta dawo, injin ya tashi shi kaɗai yana rawa a daɓe, yara kuwa sun shigo kallo. Wuta na ɗaukewa, a kashe a zare. Ranar da wuta ta zo ba ƙarfi, gara a tayar da janareto: moto yana rage gudu, fankar da ke sanyaya shi ma ta rage, mai aiki ya ƙara dannawa don ya cike giɓin, kwayil ya ƙone.

Akwai kuma wutar da ke cikin bango. Bututun waya a gidaje da yawa ba shi da zurfi a filasta, wasu wuraren ma waya ce a fili aka bi ta da fenti har ta ɓace. Galibi tana miƙewa ne sama, ƙasa ko gefe daga soket da makunni. A kashe layin ɗakin daga babban akwati, a jawo wa injin wuta daga wani wuri, a kuma bar kewayen soket wa makankarin hannu. A banɗaki, bututun ruwa na roba yana kwance ƙarƙashin tayil tsakanin famfo da shawa. Siririn baki yana huda shi cikin daƙiƙa.

Abin da ake kankarewa

Tsohon fentin mai, musamman ja, rawaya da kore a ƙofofi, tagogi da ƙarafa, yana iya ƙunsar dalma, kuma ido ba ya bambancewa. Mutanen wannan yanki ba sa bukatar dogon bayani kan gubar dalma: a 2010 ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara. Can daga dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta fito, ba daga fenti ba, amma hanyar shigarta jiki ɗaya ce, ƙura a ƙasa, hannun yaro, bakin yaro. Makankari ya fi injin sanfefa sauƙi a nan, tunda ɓawo yake fitarwa fiye da gari, sai dai ɓawon ma in aka tattake shi gari yake zama. A ciro ƙofar a kai ta waje in da hali. A shimfiɗa leda a ƙasa ta wuce wurin aiki da mita ɗaya ko biyu. Yara da mai juna biyu su bar wurin. A sa takunkumi mai lamba FFP2 ko N95 aƙalla, FFP3 in an samu. Rawani ko hankici a hanci ba ya tare wannan ƙurar. Ba a cin goro ko abinci sai an wanke hannu da sabulu. An gama, a naɗe ledar da abin da ke cikinta, a goge wurin da jiƙaƙƙen tsumma maimakon tsintsiya. Kada a watsa ɓawon a tsakar gida inda kaji ke tsattsaga, yara na rarrafe, kada kuma a zuba shi a murhu. Kayan aikin a cire su kafin a ɗauki yaro.

Silin asbesto kuwa ba a kai masa wannan inji sam, ko da fentinsa na zuba. Zaren da ke tashi daga cikinsa ba a ganinsa, a huhu yake zama, cutarsa sai bayan shekaru masu yawa take bayyana. Haka tsofaffin ƙananan tayil na roba masu baƙin gam a ƙasa, irin na tsofaffin gine-ginen gwamnati: su ma suna iya ƙunsar asbesto.

Wasu wuraren ba haɗari ne ke hana shi ba, ɓarna ce. Bangon ƙasa da aka yi wa shafen siminti, irin na cikin birnin Katsina da Daura, dukan injin yana raba shafen da ƙasar da ke bayansa, a zo cire fenti a tashi da faifan filasta. Zanen da magina suka fitar a fuskar tsofaffin zaure kuwa, hannu da burushi kawai. Gilashi yana tsagewa, firam ɗin alminiyam yana karcewa, jikin mota ma haka. Fentin da ke ɓarewa a gindin bango bayan damina, da farin gishiri a bayansa, da kansa yake zubowa in aka bi shi da makankarin hannu; filastar wurin ta riga ta ruɓe, inji zai ƙara tona ta ne, kuma in ba a tare danshin ba sabon fentin ma zai bi sahu.

Inda injin ya gaza

Babban aibinsa a kasuwarmu shi ne bakuna. Gindin bakin wani kamfani ba lallai ya shiga na wani ba, kuma masu shago sun fi kawo injin fiye da kayan canjinsa. Wuƙaƙe da cizal na ƙarfe zalla ana wasa su a dutse da ɗan mai, ta fuskar da aka karkata kaɗai, su daɗe. Kai su giranda yana ƙona tsinin, ya yi shuɗi, ya daina riƙe kaifi. Ƙera baki wurin mai walda kuwa ba mu goyi baya ba: in gindin bai zauna daidai ba, makullin ne zai ci, kuma ƙarfen da ba a san taurinsa ba yana iya tarwatsewa. Wayarsa gajera ce, ba shi da wurin haɗa abin zuƙar ƙura, ramukan iskarsa kuma a wasu samfuran daidai inda tafin hannu ke zama suke. A faffaɗan bango ma ba shi da saurin da ake zato, santimita 6 ce dai a kowane turi.

Wanda inji ɗaya kawai zai iya saya ya duba ɗan'uwansa mai kaɗa baki hagu da dama, wanda ke karɓar zarto da sanfefa da makankari duka. Kayan canjinsa sun fi samuwa, ko da yake shi ma sai an duba mazaunin bakin, don akwai na gama-gari akwai kuma Starlock na Bosch da Fein. A gam mai kauri da ɗigon siminti dai, mai dukan gaba ya fi shi turi.

Mai sayen na hannu ya fara da karanta lambar jikin injin: 220 zuwa 240, da 50Hz. Mai 110 ko 120 na Amurka ne, sa shi a soket ɗinmu ƙonewa ne nan take. A lanƙwasa waya daidai inda ta shiga injin a ga ko ta tsage, a nan take fara mutuwa. A ce wa mai shago, "Alhaji, a haɗa mu gani," a danna a katako minti ɗaya cur, ana sauraro. Kuka ya zama ɗaya, ba yankewa. Ƙananan tartsatsi shuɗɗa ba komai. Wuta mai zagaye moton da warin ƙuna na nufin kabon ya ƙare ko kwayil ya taɓu. Kabon abu ne mai araha wurin masu gyaran giranda, ana canza biyun tare, a tafi da tsohon don a gwada girma. A lokacin hunturu a riƙa hure ramukan iskar bayan kowane aiki, a shafa wa bakunan ɗan mai, a naɗe su a tsumma dabam da injin. Kafin a biya kuma a ƙirga bakunan da ke cikin kwali, a sa kowanne a makullin a ja shi, a tambayi mai shagon ko yana da wuƙa mai santimita 6 ta canji. In yana da ita, a haɗa da biyu.